Dora Akunyili, malamar da ta yaƙi jabun magunguna

An haifi Dora Akunyili a Makurdi, ƙasar Nijeriya, ran 14 ga watan Yuli 1954. Ta yi karatun harhaɗa magunguna a jami'ar Nsukka, inda ta koyar shekara da shekaru har ta kai matsayin farfesa. Kirista ce ƴar ɗarikar Katolika mai riƙon ibada, uwar ƴaƴa shida, kuma Allah ya nuna mata jikoki.

A 1988 ƴar'uwarta mai ciwon sukari ta rasu sanadin allurar jabu. Nijar ma ta ɗanɗana wannan masifa a 1995, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi wa dubban mutane rigakafin jabu.

A 2001 shugaba Obasanjo ya ɗora ta bisa hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna. Ta sa aka ƙone tulin magungunan jabu a bainar jama'a, aka rufe kasuwannin da ke sayar da su. A watan Disamba 2003 ƴan bindiga suka buɗe wa motarta wuta, harsashi ya huda ɗankwalinta, amma ba ta ja da baya ba. Daga 2008 zuwa 2010 ta riƙe ministar watsa labarai.

Ciwon sankara ya yi ajalinta a Indiya ran 7 ga watan Yuni 2014.

Ma'aikatan Arlit da Akokan masu sayen ƙwayoyi a hannun ƴan talla, su tuna da gwagwarmayarta: a nemi magani a farmasi, bisa takardar likita.