Rabaran John Curwen (1816–1880): Bawan Allah da Ya Sauƙaƙa Mana Do, Re, Mi

A wannan biki na cika shekara 50 ya dace mu tuna da wani bawan Allah wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba, amma duk ƙungiyar mawaƙa da ke rubuta d, r, m a kan allo tana cin amfanin aikinsa.

An haifi John Curwen ran 14 ga Nuwamba, 1816, a Heckmondwike ta ƙasar Ingila. Mahaifinsa fasto ne, shi ma ya bi sawunsa. A zamanin nan waƙar sujada ta yi rauni a ikkilisiyoyi da yawa, gama karanta rubutun waƙa mai layi biyar sai wanda ya sami malami, talakawa kuwa ba su da hali. A 1841 taron malaman Makarantar Lahadi a birnin Hull ya ɗora masa nawayar nemo hanya mai sauƙi ta koya wa yara waƙa. Shi ba gwanin kiɗa ba ne. Ya ɗauki tsarin da Sarah Glover, 'yar wani limamin coci, take amfani da shi a Norwich, ya gyara shi, ya faɗaɗa shi.

Ga yadda tsarin yake. Kowace murya tana da harafinta, kuma duk inda waƙa ta kafa gindinta, nan ne "do". Curwen bai fara wa ɗalibai da muryoyi bakwai a jere ba. Ya fara da uku da suka dace da juna: do, mi, so. Idan wani sashe na aji ya riƙe do, wani ya ɗora mi, na uku ya ɗora so, kunnen yaro zai ji jituwa tun kafin ya san sunanta. Sai wannan ya zauna daram a ƙara ti da re, daga baya fa da la. Da haka ɗalibi yakan iya riƙe tasa murya, ko ta ɗaya ce ko ta huɗu, ba tare da maƙwabcinsa ya ja shi ba.

A 1844 ya zama fasto a Plaistow, kusa da Landan. Ya kafa maɗaba'a a 1863 domin littattafan waƙa su samu da araha, a 1864 kuma ya ajiye aikin fasto ya ba da kansa ga wannan hidima. A 1870 ya ƙara alamun hannu: dunƙulen hannu do ne, shimfiɗaɗɗen tafi mi ne. Ya huta ran 26 ga Mayu, 1880. Masu bishara suka kawo tsarinsa Afirka, har ya iso ikkilisiyoyin ƙauyukanmu, inda ba mu da kayan kiɗan Turawa amma muka yi yabo da murya huɗu.

Yau muna da kibod, matasanmu kuma suna ɗaukar waƙa a situdiyo, murya bisa murya. Mun gode wa Allah. Amma na'ura tana ɗora abin da aka ba ta ne kawai. Idan shugabannin mawaƙa suka daina zama da yara a gaban allo, murya ta biyu da ta uku za su ɓace daga sujadarmu. Bari mu koya musu da haƙuri, mataki mataki, yadda Curwen ya yi. Ubangiji ya taimake mu. Amin.