FIRIDIRIK FOROBEL, MAI LAMBUN YARA

An haifi Firidirik Forobel ran 21 ga Afrilu, 1782, a wani ƙauye da a ke kira Obawaisbak cikin ƙasar Jamus. Ubansa fasto ne. Tun bai cika shekara guda ba uwarsa ta rasu. Ubansa ya sake aure, amma sa'ad da matar ta sami nata ɗan, sai ta daina kula da shi, uban kuwa aikin ekklisiya ya sha masa kai. Haka yaron ya tashi shi kaɗai, ba mai jansa a jiki. Da ya kai shekara 10, kawunsa ya ɗauke shi zuwa gidansa, a nan ne ya fara ɗanɗana ƙauna.

Yana da shekara 15 aka sa shi koyon aikin gandun daji. Nan ya lura da yadda tsiro ya ke girma a hankali, ba a jan ganyensa domin ya yi tsawo. A 1805 ya shiga aikin malanta a birnin Firankifot, ya gane shi ne aikin da aka yi shi dominsa. Daga 1808 zuwa 1810 ya zauna a Siwizalan wurin shahararren malami Festalozi, yana ƙara sani. Ya buɗe tasa makaranta a 1816.

Da ya daɗe yana koyarwa, sai ya ga yawancin wahalar 'yan makaranta tana da tushe tun kafin su shiga aji. A zamanin nan a kan bar ƙanana haka kawai har su isa shiga makaranta, sa'an nan a zaunar da su, a sa su hadda da bulala. Forobel ya ga wasa shi ne aikin ƙaramin yaro, ta wurinsa kuma ya ke koyo. Saboda haka a 1837 ya buɗe gidan wasa domin ƙananan yara a garin Bilankimbag. A 1840 ya sa masa suna Kindagatin, watau lambun yara. Yara su ne shuke-shuke, malami kuwa mai lambu ne.

Ya shirya musu kayan wasa da ya kira kyautai. Ta fari ƙwallaye shida ne masu taushi na zaren ulu, kowace da launinta. Wata kyautar guntun katako ne mai fuska shida kamar ƙwayar sukari, an raba shi ƙanana takwas. Yaro ya kan gina ɗaki ko kujera da su, ya rushe, ya sake haɗawa. Da haka ya ke sanin ƙirga, da rabi, da kwata, tun bai riƙe alli ba. Ana waƙa, ana wasan da'ira, kowane yaro kuma yana da ɗan fegi da ya ke shuka a ciki. Ya kuma horar da mata domin wannan aiki, a lokacin da malanta kusan duk ta maza ce.

A 1851 gwamnatin Furushiya, babbar mulki cikin ƙasashen Jamus, ta hana lambunan yara, tana zarginsu da koyar da rashin bin Allah da tawaye. An gauraya sunansa da na ɗan ɗan'uwansa, wanda ra'ayinsa na siyasa dabam ne. Wannan ya yi masa zafi ƙwarai, gama shi mai tsoron Allah ne. Ya rasu ran 21 ga Yuni, 1852, dokar tana nan. Sai a 1860 aka janye ta. Amma kafin nan matan da suka koyi hanyarsa sun kai aikin Ingila a 1851, da Amurka a 1856.

Ku iyaye da malaman aji ɗaya, akwai abin koyi a nan. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, amma da hannu mai taushi, don kada ya karye. In kun ga yaro yana jera tsakuwa ko yana gina ɗaki da laka, kada ku kore shi. Ku tsuguna, ku ƙirga tare da shi, gama karatunsa ke nan ya fara.