Likita William Baikie, Kwinin da Buɗewar Kogin Kwara

Wanda ya tashi daga Minna ya kama hanyar Zungeru zai ratsa Beji, garin kasuwa a ƙasar Gbagyi. Idan ya ƙara gaba zai tarar da kangayen Zungeru, inda Gwamna Lugga ya kafa hedkwatar mulkin Arewa a shekarar 1902. Akan ce bindiga ce ta kawo Turawa wannan wuri, kuma haka ne. Amma kafin bindiga ta iso, wani farin gari mai ɗaci ne ya share mata hanya, wato maganin zazzaɓin da ake kira kwinin. Mutumin da ya tabbatar wa duniya amfaninsa a kan Kogin Kwara likita ne ɗan ƙasar Sukotland, mai suna William Balfour Baikie.

An haife shi a shekarar 1825 a garin Kirkwall da ke tsibiran Orkney, can arewacin Birtaniya. Ya karanta aikin likita a jami'ar Edinburgh, ya shiga rundunar jiragen ruwa a 1848. Tun yana saurayi yake sha'awar nazarin tsuntsaye da dabbobi da itatuwa, wannan ne ma ya sa aka zaɓe shi cikin tafiyar da ta sauya rayuwarsa.

A wancan zamani Turawa suna kiran Afirka ta Yamma kabarin farar fata. A 1841 gwamnatin Birtaniya ta aiko da jirage uku su hau Kwara domin yaƙi da cinikin bayi da kafa gonar gwaji. Zazzaɓi ya kwantar da kusan dukan Turawan da ke ciki, ya kashe fiye da 40, aka juya da sauran a galabaice. Ba wanda ya san sauro ne ke kawo cutar. Likitoci sun ɗauka mugunyar iska ce da ke tashi daga fadamu, shi ya sa suke tsaga jijiyar majiyyaci su zubar masa da jini, su ƙara masa rauni a kan rauni. Kwinin kuwa an riga an san shi. Daga ɓawon wani itace na duwatsun Amurka ta Kudu ake samunsa, kuma tun 1820 wasu masana biyu a Faransa suka tace shi. Sai dai galibi ba a ba mutum sai ya riga ya kwanta.

A 1854 ɗan kasuwa Macgregor Laird ya tanadi jirgi mai suna Pleiad domin a hau Binuwai, a kuma nemi labarin matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth. An naɗa Baikie likitan jirgin. Da suka iso tsibirin Fernando Po, sai suka tarar shugaban tafiyar, John Beecroft, ya rasu. Baikie, yana da shekara 28 kacal, ya karɓi ragamar. Ya bi shawarar wani likitan sojan ruwa, Alexander Bryson, ya sa dokar cewa kowane Bature ya sha kwinin kullum, ko yana da lafiya ko ba shi da ita. Sun yi kwana 118 a kan ruwa, sun wuce inda wani jirgi ya taɓa kaiwa a Binuwai da kimanin mil 250. Ba su ga Barth ba, amma sun dawo ba a binne ko mutum ɗaya ba. Cikin fasinjojin akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda ya ga mace-macen 1841 da idonsa, saboda haka ya fi kowa gane girman abin da ya faru.

Tafiya ta biyu ba ta zo da sa'a ba. A 1857 jirgin Dayspring ya bugi dutse kusa da Jebba ya nutse, Baikie da mutanensa suka yi kusan shekara guda a bukkoki a bakin kogi kafin wani jirgin ya zo. Maimakon ya koma gida, sai ya zauna. Wajen 1860 ya kafa mazauni a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, da yardar Etsu Masaba na Bida.

A nan ne ya kamata a duba irin ƙasar da ya shigo. Nufe ta daɗe cikin yaƙin basasa. 'Ya'yan Malam Dendo sun yi ta gwabzawa da juna da kuma gidan sarautar Nufawa na dā, har wani sarkin yaƙi, Umaru Bahaushe, ya ƙwace mulki, ba a murƙushe shi ba sai a 1857. Garuruwa sun watse, gonaki sun koma daji. Da Masaba ya hau gado a 1859, arzikin masarautar ya dogara ƙwarai a kan bayi, kuma ƙananan kabilu ne ke biyan wannan farashi. Daga arewa kuma Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kontagora, yana kai hari ƙasar Gbagyi da ta Kambari. Dalili ke nan da ya sa ƙauyuka da yawa na wannan yanki suka koma kan duwatsu.

Baikie ya ƙi jinin bauta da gaske. Yakan fanshi bayi, musamman yara, ya zaunar da su a Lakwaja. Shi ne likitansu, shi ne alƙali, shi ne malamin makaranta, ran Lahadi kuma shi ke jagorantar sujada. Ya sa tufafin ƙasa, ya ci abincin ƙasa, sau da yawa cikin talauci, domin gwamnatinsa takan manta da shi wata da watanni. Imaninsa shi ne, idan jirage suka kawo ciniki na halal, sarakuna za su ga sayar da manja da auduga da hauren giwa ya fi sayar da mutum riba. Tunani ne na mai kyakkyawar zuciya, amma bai yi la'akari da abin da Masaba yake nema daga jiragen ba. Babban abin da sarkin yake so shi ne bindiga da albarushi, kuma ya yi ƙoƙari kada su wuce Bida zuwa hannun wani. Kogin da kwinin ya buɗe domin a kashe cinikin bayi, shi ne ya riƙa kawo wa masu farautar bayi makamai. A shekarun da suka biyo baya rundunar Bida ta ƙara ƙarfi, hare-harenta suka ƙara nisa.

A 1862 Baikie ya yi doguwar tafiya ta ƙasa daga Bida zuwa Zariya, har Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, yana neman takardun matafiyi Eduard Vogel da abokin tafiyarsa, waɗanda suka hallaka. A hanya yana auna nisa, yana rubuta sunayen garuruwa da koguna. Ya kuma tattara kalmomi na harsuna kusan 50. Hausa ce ya fi ƙwarewa a kai, har ya fassara wasu sassan Littafi Mai Tsarki zuwa cikinta. Wasu masana suna ganin kalmar beke, wadda Ibo ke kiran Bature da ita, daga sunansa ta samo asali.

Wahala ta cinye jikinsa. A 1864 aka ba shi hutu, amma bai kai gida ba. Ya tsaya a Saliyo domin ya shirya takardunsa, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu ran 12 ga Disamba, yana da shekara 39. A wannan shekarar ce aka keɓe abokin tafiyarsa Crowther ya zama bishop. An kafa wa Baikie dutsen tunawa a babbar majami'ar St Magnus a garinsu.

Abin da ya biyo baya bai gan shi ba. Mataimakinsa a jirgin Dayspring, John Glover, ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa a Legas a 1863, wadda ake ɗauka ita ce tushen sojan Nijeriya. A Janairun 1897 sojojin Kamfanin Neja, kimanin mutum 500 da bindigogi masu ruwan harsashi, suka ci Bida. Hafsoshinsu Turawa ba su wuce 'yan gomomi ba, kuma da kwinin suke tsaye da ƙafafunsu. A Lakwaja ta Baikie aka yi shelar mulkin Birtaniya a kan Arewa ran 1 ga Janairu 1900. Kontagora ta faɗi a 1901, Kano da Sakkwato a 1903. Ga Gbagyi na yankin Beji, hare-haren bayi sun ƙare, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma haraji ya maye gurbinsu, da aikin tilas na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda ta bi ta Minna.

Ilimin kansa bai tsaya ba. A watan Agusta na 1897, watanni kaɗan bayan faɗuwar Bida, Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a ƙasar Indiya. Da an so, da wannan sani ya zama na kowa. Abin da hukumar mulkin mallaka ta fara yi da shi shi ne raba unguwanni. An lura cewa yaran ƙasa suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, sai aka ɗauke su a matsayin haɗari ga Bature, maimakon majiyyata masu bukatar magani. Dokar birane ta 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, bisa zaton sauro ba zai ƙetare shi ba. Unguwannin da ake kira GRA a biranenmu daga nan suka samo asali. Likitan da ya zauna tsakiyar bayin da ya fansa, yana cin tuwo ɗaya da su, da wuya ya amince da wannan tsari.

Masu bishara ma ta wannan ƙofa suka shigo, kuma ba su tsira nan da nan ba. Thomas Kent, ɗaya daga cikin mutum uku na farko na mishan ɗin SIM, zazzaɓi ne ya kashe shi a Bida a 1894. A 1904 aka kafa tasha a Wushishi, kusa da Zungeru, inda Dokta Andrew Stirrett ya zauna yana ba da magani yana koyon Hausa. Zaburar da Baikie ya fassara a Lakwaja ta fito daga maɗaba'a a London a 1881, shekara 17 bayan rasuwarsa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Stirrett yana cikin masu aikinsa, ya fito a 1932.