Louis B. Wilson

Louis Blanchard Wilson (22 ga Disamba, 1866 – 5 ga Oktoba, 1943) likita ne ɗan ƙasar Amurka, masanin binciken cututtuka a cikin tsoka. An fi saninsa da dabarar daskarar da nama a yanka shi siriri a duba, tun majiyyaci yana kan gadon tiyata.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Pittsburgh, jihar Pennsylvania. Ya koyar a wata makarantar sakandare a birnin St. Paul, sannan ya kammala karatun likita a Jami'ar Minnesota a 1896. Daga nan ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na hukumar lafiya ta jihar.

Aiki a asibitin Mayo

A farkon 1905 ya koma asibitin Mayo da ke Rochester a matsayin shugaban sashen binciken cututtuka. A lokacin, shirya nama don dubawa yakan ɗauki kwanaki. Likita kan ɗinke majiyyaci bai san ko ƙarin da ya ciro ciwon daji ba ne, kuma idan sakamako ya zo da mugun labari, sai a sake tiyata. William Mayo ya nemi Wilson ya samo hanyar da za ta ba da amsa nan take.

Wilson yakan daskarar da ɗan guntun naman, ya yanka shi da na'ura har ya fi takarda siranta, ya rina shi da shuɗin rini, sannan ya duba a madubin hangen ƙwayoyin cuta. Amsa takan fito cikin 'yan mintoci. Ya wallafa dabarar a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a Disamba 1905. William Welch da Thomas Cullen na asibitin Johns Hopkins sun riga shi gwada irin wannan, amma a hannunsa ne ta zama aikin yau da kullum.

Daga 1915 zuwa 1937 ya jagoranci Gidauniyar Mayo mai horar da likitoci. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki da sojojin Amurka a Faransa.

Amfanin dabarar a yau

Ban da ciwon daji, ana amfani da ita wajen tiyatar cutar funfuna mai cin jiki, wadda ta fi kama masu ciwon sukari da ya yi tsanani da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Funfunar kan fara daga kogon hanci, ta toshe jijiyoyin jini, naman ya mutu, ta kuma iya kaiwa ga ido ko ƙwaƙwalwa cikin kwanaki. Magani ba ya isa inda jini ba ya zuwa, don haka dole a yanke ruɓaɓɓen wurin. Likita kan aika gefen abin da ya yanko a daskarar a duba. Idan an ga zaren funfuna, sai ya ƙara yanka; idan ba a gani ba, yana iya tsayawa. Dabarar takan yi kuskure wani lokaci, shi ya sa ake tabbatar da sakamakon da gwajin da aka saba daga baya.

Rasuwa

Wilson ya rasu a Rochester yana da shekara 76.