LIKITA HEPBURN, WANDA JAPANAWA SUKA KIRA HEBON

An haifi James Curtis Hepburn a garin Milton, cikin ƙasar Amurka, ran 13 ga watan Maris, 1815. Ya yi karatu a Princeton, sa'an nan ya koyi aikin likita a Jami'ar Pennsylvania. Ya fara aikin Mishan a ƙasar Sin, amma zazzaɓi ya hana shi zama, ya koma gida.

Cikin 1859, sa'ad da Japan ta buɗe tashoshinta ga baƙi bayan ta yi fiye da shekara 200 a rufe, ya sauka Kanagawa tare da matarsa Clara. A lokacin nan dokar ƙasar ta hana addinin Kirista, ga shi kuwa masu takobi suna kashe baƙi a kan hanya. Hepburn ya zauna yana yi wa mutane magani kyauta, musamman masu ciwon ido, yana kuma tsintar harshen daga bakinsu.

Sunansa ma sai da ya sake kama. Japanawa suna da rubutu iri uku. Akwai kanji, wanda suka aro daga Sin, kowane harafi da ma'anarsa. Akwai kuma hiragana da katakana, waɗanda harafi guda ya ke tsaya wa gaɓa guda, watau baƙi da wasalinsa a haɗe. Da katakana a ke rubuta sunan baƙo. Ban da n, da wuya baƙi ya tsaya babu wasali a bayansa, don haka James ya kan zama Jemusu. Shi kuwa Hepburn, abin da kunnen mutanen ya kama shi suka rubuta: He-bo-n. Likita bai ƙi ba. Har ma ya sa hannu da kanji biyu masu wannan sauti, na fari yana nufin lumana, na biyu rubutu. Bayan shekaru da yawa, da Audrey Hepburn ta shahara a sinima, sai aka bi haruffan sunanta aka rubuta Hepuban. Suna ɗaya ke nan ya rabu biyu, ɗaya na kunne, ɗaya na ido.

Yadda suka rubuta sunansa da haruffansu, haka shi ma ya rubuta harshensu da haruffan Romawa, irin namu na Boko. Cikin 1867 ya fitar da ƙamus na Japananci da Ingilishi mai kalmomi fiye da 20,000, wanda aka buga a Shanghai. Tsarin da ya bi a bugu na uku, cikin 1886, shi ne a ke kira tsarin Hebon, kuma da shi a ke rubuta sunaye a fasfon Japan da tashoshin jirgin ƙasa.

Makarantar da shi da matarsa suka buɗe a Yokohama cikin 1863 ita ce tushen Jami'ar Meiji Gakuin. Cikin almajiranta akwai Takahashi Korekiyo, wanda ya zama Firayim Minista.

Ya bar Japan cikin 1892, bayan shekara 33. Ya rasu a East Orange ran 21 ga Satumba, 1911, yana da shekara 96. Yaran makaranta na Japan da yawa sun san Hebon, ba su san cewa Hepburn ne sunansa ba.