Sidi Abdulƙadir Jilani: Dinari Arba'in da Alkawarin Uwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Al'amin tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa.

An haifi Shehu Abdulƙadir, Allah Ya ƙara masa yarda, a ƙasar Jilan, cikin Iran ta yau, a shekara ta 470 bayan Hijira. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya tashi a hannun mahaifiyarsa, Ummul Khairi Fatima. Da ya cika shekara 18, ya nemi izininta ya tafi Bagadaza neman ilimi.

Masu tarihinsa sun ruwaito cewa gadon da mahaifinsa ya bari dinari 80 ne. Ta ware wa ɗan'uwansa rabi, ta ɗinke masa 40 a cikin rigarsa ƙarƙashin hammata, sannan ta karɓi alkawari daga gare shi cewa ba zai yi ƙarya ba, kowane hali ya shiga. Ya yi mata alkawari, ta sallame shi tana hawaye.

Da ayarin ya wuce Hamadan, ƴan fashi a kan dawakai suka tare shi, suka washe fatake. Wani daga cikinsu ya tambayi saurayin abin da yake ɗauke da shi. Ya gaya masa adadin kuɗin da inda aka ɗinke su. Mutumin ya ɗauka ba'a ce, ya wuce. Na biyu ma haka. Da labari ya kai ga shugabansu, ya sa aka farke rigar, ga dinari 40 cif. Ya tambaye shi me ya sa ya tona abin da ba wanda zai gano. Ya amsa da cewa alkawari ya yi wa mahaifiyarsa, kuma ba zai ci amanarta ba. Shugaban ya fashe da kuka, don yaro ya tsare alkawarin uwa, shi kuwa ya shekara da shekaru yana cin amanar Ubangijinsa. Nan take ya tuba, jama'arsa suka bi shi, aka mayar wa kowa kayansa.

Abin lura shi ne, uwar tana can Jilan, ba ta gani, ba ta ji, kuma kuɗin nan su ne duk guzurinsa. Amana tana bayyana ne a inda mai ita ba ya nan.

A Bagadaza ya sha yunwa da talauci. Ya karanci fiƙihun Hanbaliyya wajen Abu Sa'id Al-Mukharrimi, ya yi tarbiyya a hannun Shehu Hammad Ad-Dabbas. A shekara ta 521 ya fara wa'azi. Makarantar malaminsa da ke Babul Azaj ta dawo hannunsa, ya riƙe ta har ta yi wa jama'a kaɗan, aka faɗaɗa ta. Shekaru da dama yana karantarwa yana ba da fatawa, ba ya zuwa ƙofar masu mulki. An ruwaito cewa ya tsawata wa Halifa Al-Muƙtafi daga kan mumbari saboda ya naɗa azzalumin alƙali, har aka tuɓe shi. Ya bar littattafai irin su Al-Gunya da Futuhul Gaibi. Ya rasu a shekara ta 561, kabarinsa yana makarantarsa.

Ɗariƙarsa ta kai har ƙasar Hausa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta a jihar Tawa ta yau, ya rayu a kanta. Muridin da ya karɓi wuridi, amana ya karɓa, kamar yadda ɗan kasuwa ke riƙe mudu, da wanda aka ba ajiya, da mai kula da dukiyar maraya. Allah Ya ƙara wa Shehu yarda, Ya sanya masoyansa cikin masu cika alkawari. Amin.