Babban Gwani, Maginin Da Ya Bar Wa Ƙasar Bauci Abin Kallo

Duk wanda ya bar Bauci ya nufi arewa zuwa Kafin Madaki zai tarar da wani tsohon soro na ƙasa a gidan Madaki. Mai wannan aiki shi ne Babban Gwani, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, wasu kuma Malam Mika'ilu.

Shi dai wannan bawan Allah ya yi suna ne a Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A lokacin ne ya gina Masallacin Juma'a na birnin. Ba siminti, ba ƙarfe, sai tubali da ƙasa da azara. Da su ya ɗaga manyan ginshiƙai, ya tanƙwara baka, ya rufe sama da tulluwa, har jama'a masu yawa suka sami wurin salla a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Da labarinsa ya bazu, sai sarakuna suka shiga nemansa. A zamanin Sarkin Bauci Ibrahim ɗan Yakubu ne ya zo ƙasar Bauci, ya gina soron Kafin Madaki wajen 1860. A 1956 gwamnati ta sa gidan cikin kayayyakin tarihi na ƙasa. Ana ba da labari cewa a Birnin Gwari ajalinsa ya sauka, wai sarkin garin ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa masallaci, don kada ya je ya gina wa wani wanda ya fi shi.

To, ginin ƙasa ba ya jure sakaci, damina kaɗan ta isa ta zubar da shi. Shi ya sa aikin masu zane yake da amfani. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya auna masallacin Zariya ya zana shi daki-daki, daga baya kuma aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos.

Haka aka yi a Kalifoniya ta Amurka. Tsakanin 1769 da 1823 limaman Kirista na Sifen sun kafa tashoshin mishan 21, galibinsu da tubalin ƙasa. Da suka soma rushewa, masu zane suka riƙa zana su, mutane suka gani, hankalinsu ya tashi, aka shiga gyara.

Saboda haka muna kira ga samarinmu masu koyon zane a Bauci da Zariya, su ɗauki takarda da fenti su tafi Kafin Madaki. Abin da ido ya saba gani a bango, da wuya a bar shi ya faɗi. Allah ya jiƙan Babban Gwani, amin.